Faifan ceto ma yana tsufa

A yawancin makarantunmu na sakandare yau, ƙwaƙwalwar makaranta ta tashi daga babban rajista ta koma cikin kwamfuta guda ɗaya da ke ofishin darakta ko na sirbeyan. Makin ɗalibai na shekara, jerin sunayen ƴan jarrabawar BEPC, hotunan takardun haihuwa da iyaye suka kawo, lissafin kuɗin kwamitin COGES, duk suna cikin wani ɗan diski da bai fi tafin hannu ba. Mun karɓi wannan sauyi da murna, domin aikin da kan cinye wa malami mako guda yana fama da alƙalami da kalkuleta yanzu yini ɗaya ya ishe shi. Abin da ba mu cika zama mun tattauna ba shi ne ranar da za a danna maɓalli kwamfutar ta ƙi tashi.

Ni malamin lissafi ne, ban yi makarantar gyaran kwamfuta ba. Amma kowace makaranta tana da mutum ɗaya da ake kira idan allon kwamfuta ya yi baƙi, kuma duk inda na koyar ni wannan ƙuri'a take faɗa wa. Shi ya sa nake yawo da abin da ake kira faifan ceto, kuma kowane babban hutu, kafin a koma makaranta, nakan ware yini biyu in sabunta shi. Abokan aiki sukan yi mini tsiya, su ce Mushe, abin da bai lalace ba me ya kai ka taɓa shi? Tambayar tana da ma'ana, kuma amsarta ta shafi malamai da iyaye baki ɗaya, don haka na ga ya dace in ba da ita a rubuce.

Bari in fara da bayanin abin. Idan kwamfuta ta ƙi tashi, sau da yawa Windows ne ya samu matsala, fayilolin kuwa suna nan daram a cikin diski. Kamar ɗaki ne da makullinsa ya karye a ƙofa: kaya suna ciki, hanyar shiga ce babu. Faifan ceto ƙaramin tsarin aiki ne da ke tayar da kwamfuta daga waje, daga faifan CD ko daga kilen USB, ba tare da ya nemi Windows ɗin da ke ciki ba. Idan ta tashi da shi, sai ka ga diskin, ka kwashe abin da ke ciki zuwa wani wuri. Yana kuma ɗauke da manhajoji na duba lafiyar diski, na dawo da abin da aka goge, na farautar ƙwayar cutar kwamfuta.

Wanda aka fi sani a wajenmu shi ne Hiren's BootCD. Duk wanda ya zauna a gidajen intanet na Maraɗi ko Damagaram shekarun baya ya ga masu gyara da shi, ana kwafarsa daga hannu zuwa hannu. Fitowarsa ta ƙarshe a tsohon tsari ita ce 15.2, ta watan Nuwamba 2012, mai ɗauke da ɗan ƙaramin Windows XP, kuma yana shiga cikin faifan CD mai mega 700. Ya yi wa mutane da yawa rana. Har yau ina ganinsa cikin aljihun tebur a ofisoshin makarantu, an rubuta sunansa da maka, ana ajiye da shi da imanin cewa ranar wahala zai fitar da mu kunya.

Matsalar ita ce kwamfutoci ba su tsaya a 2012 ba. A waccan shekarar ce ma Windows 8 ya fito, kuma daga nan sababbin kwamfutoci suka koma tashi ta hanyar da ake kira UEFI a madadin tsohon BIOS, da wani mai gadi a ƙofa, Secure Boot, wanda ba ya barin tsarin aikin da ba shi da sa hannun da ya sani ya tashi. Tsohon faifan an gina shi ne don tsohuwar hanya. Bayan haka diskin ma ya sauya. Mai juyawa ya fara ba da wuri ga SSD, daga baya kuma aka samu irin da ake kira NVMe, ɗan siriri kamar tsinken cingam, wanda Windows XP bai san da zamansa ba. Ƙari a kan haka, yawancin kwamfutocin hannu na yanzu ba su da ma ramin sa faifai. Mu da muke sayen kwamfutoci na hannu da aka gama amfani da su a Turai, wannan sauyi yakan iso mu a makare, amma ya riga ya iso. Wadda aka ƙera a 2018 ko 2019 ita ce yau ake kira tsohuwa a kasuwa, kuma ita makarantu suke iya saye.

Na ga abin da wannan giɓi yake haifarwa a wata makaranta da ke nesa kaɗan da tamu, a tsakiyar bazara, lokacin da ake haɗa makin ƙarshen shekara. Kwamfutar hannu ce da batirinta ya daɗe da mutuwa, sai da kuran take aiki. Tana cikin sabunta kanta aka ɗauke wuta, da aka dawo da ita Windows ya ƙi tashi. Malamin da ke kula da ita ya ɗauko tsohon faifansa, ya aro na'urar karanta faifai ta waje, ya sha fama har ya samu ta tashi ta tsohuwar hanya. Da ya buɗe, bai ga diski ko ɗaya ba. Duk wanda ke wurin ya ɗauka diskin ya ƙone. Aka fara kiran malamai su kawo kayen makinsu, aka aika yara gida su nemo takardun gwajin da aka riga aka mayar musu. Wani malami an yi masa sauyin wurin aiki, ya tafi da kayensa. Ga ɗalibin da ke kan iyaka, rabin maki shi ne tsakanin wucewa aji na gaba da maimaita shekara, kuma mun san gidajen da idan yarinya ta maimaita, ba za ta sake ganin aji ba.

Kwana uku ana wannan kafin labari ya iso ni. Da na je da kilen da na sabunta, kwamfutar ta tashi, diskin ya bayyana lafiya lau, kafin sallar la'asar mun kwashe komai. Ba wata gwaninta na nuna ba, malamin ya fi ni sanin kwamfuta. Kayan aikinsa ne suka girmi injin da ke gabansa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne an riga an yanke shawarar kai ta wurin mai gyara washegari ya goge komai ya zuba sabon Windows. Tsohon faifan bai tsaya ga kasa taimako ba, ya ba su labarin ƙarya cewa babu sauran abin ceto, kuma da an yi aiki da wannan labari da asarar ta tabbata.

Su ma manhajojin da ke cikin faifan suna tsufa. Mai farautar ƙwayar cuta da jerin sunayen da ke kansa yake aiki, wanda aka tsayar a 2012 bai san abin da aka ƙirƙira bayansa ba. PhotoRec, manhajar da Bafaranshe Christophe Grenier ya rubuta tare da TestDisk, tana gane fayil ne ta alamar da ke farkonsa, kuma kowace sabuwar fitowa tana ƙara irin fayilolin da take ganewa. Yanzu sun haura 480, fitowa ta 7.2 kuma ta 2024 ce. Memtest86+, mai gwada ƙwaƙwalwar aiki ta kwamfuta, sai a fitowarsa ta 6, a 2022, ya iya tashi ta UEFI. Har faifan da bai daɗe sosai ba yana iya tsayawa: a watan Agusta 2024 wani gyaran tsaro na Windows ya rufe ƙofa ga tsofaffin manhajojin tayar da Linux da aka gano suna da rauni, sai wasu faifan da suke aiki jiya suka ƙi tashi a kwamfutocin da Secure Boot yake kunne. Ga kuma jikin faifan kansa. CD ɗin da aka ƙona a gida ba ya son zafi da hasken rana, ƙurar hunturu kuma tana karce shi. Wanda ya yi bazara goma cikin aljihun tebur a ofis mai rufin kwano, sai an gwada za a san ko yana karantuwa.

Ga yadda nake yi, ko wani zai amfana. Na daina ƙona faifai, na koma kile mai jiga 32. Kafin in amince da sabon kile nakan gwada shi da H2testw, domin akwai na jabu a kasuwa da aka rubuta musu babban adadi alhali cikinsu ɗan kaɗan ne. Irin wannan yakan nuna ya karɓi kaya, ranar buƙata a tarar da fayilolin a lalace. Daga nan sai in sa masa Ventoy, wata manhaja ta kyauta da ta fito a 2020. Sa ta yana goge duk abin da ke kan kilen, amma sau ɗaya ake yi. Bayan haka, kowane faifan ceto fayil ne guda ɗaya mai ƙarewa da ISO, ka kwafa shi ciki kamar yadda kake kwafar hoto, idan kwamfuta ta tashi ta nuna maka jerinsu ka zaɓa. Sabuntawa ta zama cire tsohon fayil da sa sabo.

Abu uku nake ajiyewa a ciki. Na farko Hiren's BootCD PE, wanda wasu masu sha'awar tsohon suka fara fitarwa a 2018 bisa Windows 10, daga baya suka mayar da shi bisa Windows 11. Fuskarsa irin ta Windows ce, malamin da bai saba ba ma zai gane hanya. Na biyu SystemRescue, wanda aka gina bisa Linux, mai ɗauke da TestDisk da PhotoRec da ddrescue da GParted. Na uku shi ne tsohon 15.2 ɗin nan. A nan masu yi mini tsiya suna da gaskiyarsu: sabo ba ya maye gurbin tsoho a ko'ina. Sabon Hiren's sai injin da ke aiki da tsarin 64, kuma yana son ƙwaƙwalwar aiki mai yawa, alhali a makarantunmu akwai tsofaffin kwamfutocin tebur da ba za su iya ɗaukarsa ba. Don haka tsohon yana nan don tsofaffi, na kuma bar kwafinsa guda a CD saboda injin da ba ya tashi da kile.

Sauko da su shi ne mai cin kuɗi. Sabon Hiren's ya kai wajen jiga 3, SystemRescue wajen jiga 1. Nakan bari sai na shiga gari inda layi yake da ƙarfi, kuma mu malamai huɗu ne daga makarantu daban-daban muke haɗa kuɗin, mutum ɗaya ya sauko da su, sauran su kwafa. Daga shafin masu manhajar kaɗai nake ɗauka, ban da wanda aka turo ta WhatsApp ko aka samu a kilen wani, domin faifan ceto yana shiga ko'ina cikin kwamfuta ba mai tsare shi, idan an cusa masa mugun abu to ka kai ɓarawo har ɗaka da hannunka. A shafin sukan rubuta wata doguwar lamba da ake kira SHA-256, wadda take kamar zanen yatsan fayil ɗin. Idan na gama saukewa nakan sa kwamfuta ta lissafa lambar nawa in gwada da tasu. Da layinmu mai yankewa, fayil yana iya zuwa da rauni a ciki ba ka sani ba, wannan lambar ce kaɗai za ta faɗa maka.

Yini na biyu na gwaji ne, kuma shi ne wanda aka fi tsallakewa. Nakan bi kwamfutocin makaranta ɗaya bayan ɗaya in tayar da kowace da kilen, in tabbatar tana ganin diskinta. Kowace tana da maɓallin da ake dannawa don zaɓar inda za ta tashi: F9 a yawancin HP, F12 a Dell da Lenovo. Nakan rubuta wannan a takarda in liƙa a gefen injin. A nan ne kuma ake gano ƙananan abubuwan da kan ɓata yini guda. Allon rubutunmu irin na Faransa ne mai farawa da AZERTY, waɗannan faifan kuwa da tsarin Amurka suke tashi, ka danna A ya rubuta Q. Sai ka koyi sauya shi tun hankalinka yana kwance. SystemRescue kuma yana so a kashe Secure Boot kafin ya tashi, kuma kada wanda ya taɓa wannan sai ya san ko diskin a kulle yake.

Wannan kullewa ita ce sabon abin da ya kamata kowa ya sani. Windows yana da wani makulli da ake kira BitLocker, wanda ke rikita duk abin da ke cikin diski yadda ba mai karanta shi sai da mabuɗi, kuma sababbin kwamfutoci da yawa suna kunna shi da kansu idan aka shiga da asusun Microsoft. Amfaninsa a fili yake idan an sace injin. Amma ranar da Windows ya mutu, faifan ceto komai sabuntarsa zai tsaya yana tambayar mabuɗin ceto mai lamba 48. Idan babu shi, babu manhajar da za ta buɗe. Mabuɗin yakan kasance a asusun wanda ya fara kunna kwamfutar, wanda wataƙila wani yaron shago ne a wani gari. Don haka cikin aikin hutuna akwai duba kowane inji, in rubuta mabuɗinsa a takarda, a sa a ambulan a ba darakta ya kulle tare da takardun makaranta.

Idan ranar ta zo, ƙa'ida ta farko ita ce kada a rubuta komai a kan diskin da ake son ceto. Fayil ɗin da aka goge a diski mai juyawa ko a katin waya yana nan har sai an ɗora wani abu a gurbinsa, don haka duk abin da aka zuba bayan gogewa yana iya binne shi. Abin da aka ceto a kai shi wani diski na waje. Idan diskin yana ƙara kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa, ko yana tsayawa yana tafiya, kada a yi ta matsa masa. A sa ddrescue ya kwafe shi gaba ɗaya zuwa wani diskin da ya kai shi girma, a yi aiki a kan kwafin. Ina son wannan manhaja saboda tana fara kwasar wuraren da ke da lafiya kafin ta dawo kan masu rauni, kuma idan ka ba ta fayil ɗin da za ta riƙa rubuta inda ta kai, ko an ɗauke wuta za ta ci gaba daga inda ta tsaya. A san kuma iyakar abin. PhotoRec yana dawo da fayil ba tare da sunansa ba, sai lambobi, ka zauna kana buɗe ɗaruruwa kana neman na aji uku. A SSD kuwa, abin da aka goge yakan tafi ke nan cikin ɗan lokaci, saboda diskin da kansa yake share gurbin.

Shi ya sa ba na son wani ya karanta wannan ya ɗauka kile ɗaya ya isa. Faifan ceto na ranar da aka makara ne. Abin da ya fi shi araha shi ne kwafi: duk ranar Juma'a a kwafi fayilolin makaranta zuwa diski na waje da ba ya kwana a ofis ɗaya da kwamfutar, duk ƙarshen zango a buga makin a takarda malamai su sa hannu. Kada kuma malami ya yar da kayen makinsa don an ce komai ya shiga inji.

Akwai kuma maganar amana, wadda ta fi shafar iyaye. Waɗannan manhajoji ba su san abin da ya dace a gani da wanda bai dace ba. Idan ka ba mutum katin wayarka ya nemo maka hotunan suna ko na biki, PhotoRec zai fito da duk abin da ya samu, har wanda kai ko iyalinka kuka goge da gangan shekarun baya. Haka kwamfutar makaranta: akwai takardun haihuwar yara, da lambobin wayar iyayensu. Ni ba na yin wannan aiki sai mai abin yana zaune kusa da ni, idan na gama kuma in goge kwafin da ke wurina a gabansa. Ku nemi haka daga duk wanda kuka kai wa gyara. Wanda ya ce ku bar shi ku dawo gobe, ku tambaye shi me zai yi da kwafin.

Iyaye, a taron farkon shekara kuna tambayar kuɗin alli da na tabarma da na gyaran benci, kuma kun yi daidai. Ku ƙara tambayoyi kaɗan a kai. Ina kwafin makin ƴaƴanmu yake, kuma yaushe aka yi na ƙarshe? Idan kwamfutar ofis ta ƙi tashi gobe, wa zai buɗe ta, da me? Kile mai kyau da diski na waje ƴan jikkuna ne, kwamitin makaranta zai iya ɗauka ba tare da an ƙara wa kowa nauyi ba.

Ƴan'uwana malamai kuma, musamman waɗanda ake kira idan allo ya yi baƙi, mu tuna ana yi mana sauyin wurin aiki ba tare da an tambayi kwamfutar ofis ba. Kilen da ke aljihunka kai kaɗai ka san sirrinsa zai bi ka duk inda aka tura ka. Nawa biyu ne iri ɗaya, ɗaya a jakata, ɗaya a akwatin makaranta, da takarda mai ɗauke da ranar da aka sabunta shi da sunayen abin da ke ciki. A bana malamar Faransanci ce ta zauna tare da ni yinin gwaji, ita ta danna maɓallan, ni ina kallo. Hutu mai zuwa ita za ta sauko da sababbin fayilolin ta gwada lambobinsu, mun kuma yi da ita za ta jawo wani malamin ya zauna kusa da ita.